Manomin da Ba Ya Jiran Damina

Duk wanda ya tashi a karkara ya san naman kaza. Ruwa ya sauka da dare, gari ya waye, sai ga shi a gindin ruɓaɓɓen kututture, ko a gefen juji, ko a jikin suri, ya buɗe lemarsa. Kwana biyu ya yi laushi, ya narke, ya ɓace. Ba wanda ya ga an shuka shi, ba wanda ya taɓa riƙe irinsa a hannu, shi ya sa mutanen dā a ƙasashe da dama suka ɗauka ruɓa ce take haifar da shi, wasu kuma suka ce tsawa ce. Amma akwai masu iya sa shi ya fito a makon da suka tsara, cikin ɗaki, tsakiyar rani, daga ledar garin katako. Cikin sana'o'in hannu da na sani, kaɗan ne suke burge ni irin yadda tasu take yi. Mai wannan sana'a yana kiwon halittar da rabin rayuwarta a ɓoye take, kuma kowane mataki na aikinsa ya dogara ne ga sanin halinta.

Naman kaza ɗan babban dangi ne, wanda masana suke kira fangai. Fumfunar da take fitowa a kan burodi ko kwantan tuwo 'yar gidan ce. Haka yis ɗin da yake kumbura ƙullin fanke, da burtuntunar da take baƙanta zangarniyar dawa, da makeron da yake cin kan yara. An rubuta sunayen kimanin iri 150,000 na wannan dangi, kuma ƙiyasin da masana suka fitar a 2017 ya ce jimlarsu za ta kai miliyan 2.2 zuwa 3.8. Shekaru aru-aru ana lissafa su cikin tsirrai, don ba sa tafiya. Sai a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu rukuninsu na kansu. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna sun ma fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Ba su da koren ganye, ba sa haɗa abinci da hasken rana. Bangon ƙwayoyin jikinsu da kaitin aka gina shi, sinadarin da yake ɓawon fara da sauran ƙwari. Suna shaƙar oksijin su fitar da iskar kabon, yadda mu ma muke yi. Cin abincinsu kuwa a waje ake yin sa: su zubo sinadaran narkarwa a kan abin da suke so, ya narke, sannan su tsotse.

Jikin halittar na gaskiya siraran zaruruwa ne farare, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya shi kaɗai. Suna tsiro ta baki, suna rassa, suna sarƙewa, har su zama farar saƙa a cikin ƙasa ko cikin itace. Wannan saƙa ita ce uwa, lemar da muke tsinka kuwa 'ya'yanta ne. A dajin Malheur na jihar Oregon a Amurka akwai saƙa guda ɗaya da ta mamaye fiye da murabba'in kilomita 9 a ƙarƙashin ƙasa, ana ƙiyasin ta haura shekara 2,000. Manomin naman kaza ya san da haka, don haka hankalinsa yana kan uwar. In ta ƙoshi kuma ta samu lafiya, 'ya'ya ba sa wuya.

Juya lemar naman kaza ka duba ƙarƙashinta, za ka ga siraran shafuka jere. A jikinsu ne ake haifar ƙurar iri, ƙwayoyi mitsi-mitsi da lema ɗaya takan zubar da biliyoyinsu kafin ta bushe. Wani Ba'italiye mai suna Pier Antonio Micheli ne ya tabbatar da aikin wannan ƙura. Ya barbaɗa ta a kan yankakkun 'ya'yan itace, ya ga irin fumfunar da ya ɗebo ita ce ta sake fitowa, ya buga sakamakon a Fulorans a 1729. Ƙwayar da ta faɗa wuri mai laima takan fitar da zare ɗaya. Zaren yana iya girma, amma a mafi yawan naman kaza ba zai haihu ba sai ya gamu da wani zaren da ya dace da shi. Nan babu namiji da mace. Abin da ake da shi nau'o'in dacewa ne, kuma akwai wani ɗan ƙaramin naman kaza mai fitowa a busasshen itace, Schizophyllum commune, da yake da irin waɗannan nau'o'i sama da 23,000. Idan zare biyu suka haɗu, cibiyoyin gadonsu sukan zauna gefe da gefe cikin kowace ƙwaya, ba tare da sun narke cikin juna ba, wata da watanni ko shekaru. Sai an zo kan shafukan nan na ƙarƙashin lema sannan su haɗe, su rabu gida huɗu, su zama sabuwar ƙura.

Sanin wannan shi ne ya sa gwani ba ya shuka ƙura. Kowace ƙwaya da irin gadon da ta ɗauko, wata ta ba da yabanya, wata ta ba da kunya. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi lema mafi kyau a girbinsa, ya ɓare ta da hannu, ya yanko ɗan tsoka daga tsakiya, inda iska ba ta taɓa shiga ba. Tsokar nan zaruruwa ne a dunƙule, kuma suna da rai. Ya ɗora ta a kan wani daskararren abinci da ake dafawa da ruwan dankalin Turawa da sukari da aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. Cikin kwanaki kaɗan farar saƙa za ta fara yaɗo daga jikin tsokar, ɗauke da halin uwarta kaf.

A faɗe abin da sauƙi. A aikace, 'yar daƙiƙar da murfin kwanon abincin yake buɗe ita ce ma'aunin gwani. Iskar da muke shaƙa cike take da ƙurar fumfuna da ƙwayoyin bakteriya, kuma abincin da aka dafa wa naman kaza su ma suna so. Shi ya sa za ka ga gwani ya rufe taga, ya kashe fanka, ya goge tebur da hannuwansa da sifirit, ya gasa bakin wuƙa a harshen wuta har ya yi ja, ya jira ya huce. Ba ya magana a kan kwano, ba ya gitta hannu ta saman abin da yake buɗe. Motsinsa a natse yake, amma babu jinkiri a ciki. Sabon shiga yakan yi duk wannan ya dawo bayan kwana huɗu ya tarar da kore da baƙi sun cinye kwanonsa. Bambancinsa da gwani ba ya wuce inda yatsa ya taɓa da inda numfashi ya sauka.

Daga nan sai a yawaita iri. Faransawa, waɗanda suka yi suna da noman farin naman kaza a kan kashin doki cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse na Faris, sun daɗe suna tono saƙa daga tsohon taki suna dasawa, cuta da ƙwari na biye da ita. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 masanan Cibiyar Pasteur suka fitar da tsarkakakken iri. A 1932 kuma James Sinden na Pennsylvania ya yi rajistar dabarar rainon saƙa a jikin hatsi, wadda duniya take bi har yau. A nahiyarmu dawa aka fi amfani da ita. Akan jiƙa ta, a tafasa daidai yadda cikinta zai sha ruwa amma fatarta ba ta fashe ba, a shanya har ta daina manne wa hannu, a barbaɗa garin alli, a ɗura a kwalba, a toshe da auduga. Sai a dafa kwalaben a tukunyar firesha, zafi ya kai digiri 121, don tafasa zalla ba ta kashe wasu ƙwayoyin bakteriya masu taurin rai. In sun huce, a jefa ɗan yankin saƙa a kowace. Mako biyu zuwa uku, kowace ƙwayar dawa ta yi fari fat. Gwani yakan girgiza kwalba a tsakiyar wannan lokaci don farin ya watsu, kuma yakan gane lafiyarta da hanci. Mai kyau tana ƙanshin ƙasa bayan ruwa, wadda bakteriya suka shiga kuwa tsami take yi, dawar cikinta ta yi danƙo.

Abin da za a ciyar da saƙar shi ne inda tarihin wannan dangi ya shigo cikin sana'a. Fangai tsofaffi ne ƙwarai a doron ƙasa. A 2019 masana suka ba da labarin burbushin wani da aka tono a arewacin Kanada, mai shekara kusan biliyan ɗaya. Lokacin da itatuwa suka bayyana, sun zo da liginin, sinadarin da yake ba katako tauri, wanda kusan babu mai iya narkar da shi. Nazarin gado ya nuna kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce ne wani reshe na fangai ya samu makaman farfasa shi. Da ba don su ba, da gawar kowace bishiya ta daɗe tana jibge ba ta koma ƙasa ba. Naman kazan da aka fi nomawa a ƙasashe masu zafi, wato oyista, wanda masana suke kira Pleurotus, jikan wannan reshe ne. Jamusawa suka fara noma shi a kan gungume lokacin yunwar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana cin garin katako, da karan shinkafa, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da sharar auduga, abubuwan da cikin mutum ba ya iya sarrafawa, ya mayar da su abin miya.

Katako yana da ƙarancin naitirojin. A daji, oyista yakan cike giɓin ta wata hanya mai ban mamaki: zaruruwansa suna fitar da guba mai sandarar da 'yan mitsitsin tsutsotsi, sannan su huda su su tsotse. A ɗakin noma, dusa ce take tsayawa a madadin tsutsa, kuma zuba ta sai da lura. Ta yi kaɗan, girbi ya yi ƙaranci. Ta yi yawa, fumfuna ta samu gayyata. Haka ma ruwa. Littafi zai ce laima ta zama kashi 60 zuwa 65 cikin 100, gwani kuwa sai ya damƙi haɗin ya matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, kuma da ya buɗe hannu curin ya tsaya, to an dace. In ruwa ya zubo, iska ba za ta ratsa ba, saƙa za ta shaƙe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, hannu ma haka.

Sai a cusa haɗin a leda, a jera a duro mai ruwa a ƙasa, a hura wuta a turara. Masu aiki da karan shinkafa sukan tsaya a digiri 60 zuwa 70, kuma da gangan suke yi. Wannan zafi yana kashe fumfuna da ƙwayayen ƙwari, ya bar wasu ƙananan halittu marasa cutarwa waɗanda suke tare wuri, su hana miyagu sauka. In leda ta huce sai a zuba iri. Hikimar ɗaya ce da ta mai yin kindirmo: ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono mai kyau, don nagari ya riga mugu kama wuri. Noman naman kaza tsere ne, kuma duk wahalar da aka sha daga farko don a ba saƙa ratar kwanaki ne a kan abokan takararta.

Makonni uku ko huɗu masu zuwa, ledoji suna jere a ɗaki mai duhu, ba ban ruwa, ba shema. Mai kallo zai ce babu abin da ake yi. Gwani kuwa kullum yana zagayawa. Yana duba yadda farin yake sauka daga bakin leda zuwa gindinta, ko a jere yake tafiya ko ya tsaya a wani wuri. Yana dafa leda da bayan hannu, don saƙa mai cin abinci tana fitar da zafi, kuma ledojin da aka cunkusa suna iya dafa kansu. Abin da ya fi tsoro shi ne koriyar fumfuna mai suna Trichoderma, wadda ba abincin kawai take ci ba, har saƙar take kashewa. Da fari take farawa ita ma, sai ta tashi zubar da ƙura take komawa kore, kuma a lokacin ta riga ta watsu. Gane farinta daga farin oyista tun kafin ta juya, wannan sai wanda ya daɗe yana kallo. Ledar da ta kamu, a hankali yake ɗauke ta, bakinta a ɗaure, ya kai ta nesa.

Idan fari ya rufe leda gaba ɗaya, an zo matakin da ya fi kowanne daɗin kallo. A daji, saƙa ba ta haihuwa sai ta ji alamu: abinci ya kusa ƙarewa, ta iso bakin itace inda iska da haske suke, ruwa ya sauka, gari ya ɗan yi sanyi. Aikin manomi shi ne ya haɗa mata waɗannan alamu a lokaci guda. Ya tsaga leda, ya buɗe tagogi, ya bar haske mai laushi ya shigo, ya jiƙa ƙasa da buhunan da ya rataya a bango har laimar iska ta kai kashi 85 zuwa 90. Mutanen gundumar Qingyuan ta ƙasar Sin, inda noman wani naman kaza mai suna shiitake ya yi ƙarnuka, suna danganta sana'ar ga wani mutum na ƙarni na 12 mai suna Wu Sangong, har sun gina masa wuraren tunawa. Daga cikin abin da suke cewa ya koyar akwai dukan gungumen da ya ƙi haihuwa. Har yau masu noman shiitake suna jiƙa gungume a ruwan sanyi su buga shi, kuma yana amsawa.

Bayan 'yan kwanaki sai mitsi-mitsin kawuna su ɓullo a bakin tsagar, cunkus. Daga nan girma sai ka ce ana hura su, har ana iya ganin bambanci tsakanin safe da yamma. Dalili shi ne an riga an gina yawancin ƙwayoyin tun suna ƙanana, abin da ya rage kawai a cika su da ruwa, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen naman kaza ruwa ne. A wannan mako naman kazan da kansa yake gaya wa mai shi abin da yake damunsa. Ƙafa ta yi tsawo, hula ta tsuke, iskar kabon ta taru, a buɗe taga. Baki ya tsattsage, ɗaki ya bushe. Jiki ya yi rawaya ya yi yauƙi, an cika fesa ruwa. Duk suka karkata gefe guda, haske ta can kaɗai yake shigowa. Wahalar kuwa ita ce iska da laima ba sa jituwa, don tagar da za ta fitar da kabon ita za ta fitar da laima. Daidaita su, safe da rana da dare, damina da hunturu, ba ya rubutuwa a takarda ɗaya. Kowane ɗaki da halinsa, sai mai shi ya koya.

Girbi ma da lokacinsa. Ana cirewa ne tun gefen hula yana ɗan lanƙwashe ƙasa. In ya miƙe, ƙura ta fara zuba, nama ya rage nauyi da daɗi, kuma shaƙar ƙurar oyista yau da gobe tana jawo wa manomi ciwon ƙirji. Gwani yakan kama curin gaba ɗaya ya murɗa, kada ya bar guntun da zai ruɓe. Ya bar leda ta huta mako ɗaya ko biyu, ta sake ba da na biyu, ta ba da na uku, kowanne bai kai na gabansa ba. Abin da ya rage a ledar kuma taki ne mai kyau ga lambu.

Sana'ar tana da iyaka, kuma manyan gwanaye su suka fi saninta. Ba kowane naman kaza yake yarda da ɗaki ba. Da yawa a jikin saiwar itace mai rai suke zaune, suna kawo mata ruwa da ma'adinai, ita kuma tana ba su sukari. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya daɗe: a duwatsun Rhynie na Sikotilan an ga zaruruwan fangai a cikin burbushin tsirran da suka haura shekara miliyan 400, kuma mafi yawan tsirran duniya a yau da irin wannan abota suke rayuwa. Naman kazan suri kuwa, wanda yake cikin mafi daɗi a Afirka, yana da manomansa tun tuni. Gara ce take tauna ciyayi da itace ta gina masa gado a cikin suri, ta daidaita masa zafi da laima, ta share masa fumfuna, ta ci daga abin da ya narkar. Masana sun ƙiyasta wannan noma ya fara a Afirka kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce. Wani ɗan gidan, Termitomyces titanicus, da aka rubuta bayaninsa daga Zambiya a 1980, lemarsa takan kai mita guda a faɗi. Har yanzu ɗan Adam bai iya noma naman kazan suri don kasuwa ba.

Akwai kuma wani alheri da manomi yake kawowa, wato tabbaci. Da yawa daga cikinmu suna ƙyamar naman kaza ne don tsoron guba, kuma tsoron yana da tushe. Wasu nau'o'in daji suna lalata hanta, dafuwa ba ta kashe dafinsu, kuma sukan yi kama da masu kyau. Wanda ya fito daga ledar gwani kuwa an san uwarsa tun daga kwano.

A ƙasarmu kayan aikin a zube suke. Dawa tamu ce. Karan shinkafa da ƙaiƙayi ana cinna musu wuta a fadamu bayan girbi, garin katako yana tsibi a bayan injinan yanka. Cibiyar FIIRO da ke Oshodi a Legas, da Cibiyar Binciken Abinci ta Akara a Gana, sun daɗe suna samar da iri suna koyar da masu sha'awa. Babban ƙalubalen Arewa zafin bazara ne da bushewar hunturu, kuma ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin ciyawa ya fi na kwano riƙe sanyi da laima. Sana'ar ba ta neman gona, don haka matar aure a cikin gida da saurayin da bai gaji fili ba duk suna iya shiga. Abin da take nema shi ne tsabta wadda ba ta gajiya, da lura, da haƙurin sake farawa idan leda ta yi kore. Mai son koya ya nemi wanda ya iya, ya zauna a gabansa, ya sayi iri mai kyau, ya fara da ledoji kaɗan, ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum. Rainon iri daga tsoka ya bari sai hannunsa ya faɗa. Waɗanda suka riga suka kai can kuwa sun cancanci a girmama su yadda ake girmama kowane gwanin sana'a, a kuma tura musu yara su koya.